Taku Ɗari Huɗu da Ashirin da Biyar a Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi kun hana ni shan shayi cikin kwanciyar hankali. Kowa da tasa tambayar. Wai da gaske ne na shinshina ƙasa na gano inda kebul ya ƙone? Jiya ma wani ya rantse min cewa ido rufe na yi aikin. To ga labarin, sau ɗaya. Ni ba mai surutu ba ne, boko kuma ban yi ba sai ɗan yaƙi da jahilci. Wanda ya karanta, kada ya sake tare ni a bakin kasuwa.

Shekara ashirin da bakwai na yi ina hawan turken lantarki tsakanin Samaru da Palladan da Chikaji. In wuta ta ɗauke a layi, ni ake turawa in nemo dalili. Ƙafa da ido da hanci, su ne kayan aikina. In bi ƙarƙashin waya in ga reshen da ya kwanto, ko jemagen da ya soye, ko in ji warin roba. Sai ranar da wuta ta ja ni a Chikaji, ta jefo ni daga sama. Na rayu, amma kafaɗar dama ba ta ƙara ɗagawa ba. Hawa ya ƙare. Abin da ya rage min shi ne neman matsala a ƙasa.

Shi ma ɗin sai Ishaya ya shigo min. Tare muka fara ɗaukar tsani da shi. Shi ya yi makarantar yamma, ni ban yi ba. Bara maigidanmu, Oga Chidi, ya sayo wani akwati mai gano inda kebul ya lalace a cikin ƙasa, ya tura Ishaya Legas ya koyo. Oga Chidi haifaffen Sabon Gari ne, shagon kayan wuta gare shi, yana kuma karɓar aikin gyara a masana'antu. Hausarsa ta fi tawa.

Ana jibi za mu tafi ya kira ni bayan shago.

"Tanimu, aiki ya ja baya," ya ce. "Mai neman matsala ɗaya zan iya riƙewa, ba biyu ba. Wani Alhaji a Maraɗi kebul ɗin injin man gyaɗarsa ya mutu. Mu je mu dawo, sai in san wanda zan riƙe."

Na ce to. Me zan ce?

Da hantsi muka tashi a tsohuwar a-kori-kurar Oga, shi ke tuƙi. Ishaya a gaba, akwati a cinya, wai ba ya son jijjiga. Ni ne mai son jijjiga, sai aka sa ni baya tare da diga da shebur. Da muka ratsa Samaru masu babur na ɗaga wa Ishaya hannu suna "Injiniya! Injiniya!" Rabinsu ni na ja wa iyayensu wuta.

Kafin Malumfashi taya ta fashe. Ni da hannu ɗaya da rabi na kwance ta, Ishaya na inuwa yana kare akwati daga rana. A Katsina muka ci shinkafa da wake a tsaye, don Oga ya ce hanyar Jibiya ba a yin yamma a kanta. Ba wanda ya yi musu.

A iyaka, namu suka leƙa mota suka ce mu wuce. Nasu kuwa ba wasa. Komai sai da aka sauke aka jera a ƙasa, har butata. Cikin kayan Ishaya akwai wata sanda mai faifai a kai, wadda ake bi da ita a gane ta ina kebul ya bi a ƙarƙashin ƙasa. Wani jandarma dogo ya ɗaga ta ya juya.

"Wagga ta neman zinariya ce," ya ce.

Ishaya ya fara da Turanci. Mutumin ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Mushe, yi Hausa."

Dariya ta ƙwace min. Ishaya ya haɗe rai ya ce, "Ni ne mushe?" Oga ya taka masa ƙafa, ya raɗa mana cewa a can haka ake ce wa mai ilimi, kamar yallaɓai a wurinmu. A Zariya ka ce wa mutum mushe, sai an raba ku. A nan kuwa kafin mu bar wurin na fara jin haushin ba a ce min ba. Ni "kai, tsoho" aka kira ni.

Sun riƙe sandar. Suka ba da takarda, suka ce in za mu koma mu karɓa. Ishaya ya yi roƙo har muryarsa ta dushe. Ni na koma bayan mota na zauna a kan shebur. Ban yi baƙin ciki ba.

Maraɗi gari ne mai rairayi da faɗin titi. Injin Alhajin yana bayan gari. Shi Alhajin gajere ne, mai magana a hankali, mai kallon agogo. Ya tarbi Oga da Ishaya hannu biyu, ya kai su masaukin baƙinsa mai gado da fanka da janareta. Ni ya dubi tafin hannuna ya ɗauka lebura ne. Aka kai ni rumfar maigadi a ƙofar injin. Oga ya buɗe baki zai gyara, sai waya ta shigo masa. Da ya gama wayar ya manta.

Maigadin Baba Lawali ne, tsoho ramamme mai haƙori huɗu. Gaisuwarsa ta fi huɗubar Juma'a tsawo. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, ya koma ya tambayi gida. Sannan ya ce, "Kwananmu tara ba mu da kuran."

Na ce, "Allah Ya ƙara nesanta ku da ita, Baba."

Ya dube ni. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ashe wutar lantarki suke kira kuran. Ni na zaci ta daji yake nufi.

Abincinsu ba laifi. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ya kwana ɗaya sai ka iya kafa ƙusa da shi. Furarsu, da suke ce wa hura, ta fi tamu kauri da nono, wannan na yarda. Dambun zogale ma sun iya. Amma yaji sai ka roƙa, kuma in an kawo ba ya cizo. Ishaya kuwa na ji labarin zabuwa aka soya masa. Shi ya ba ni labarin da bakinsa, yana sakace.

Washegari aka fara aiki. Kebul ɗin ya taso daga taransifoma a bakin titi, ya bi ta cikin wani fili, ya shiga injin, tafiyar kamar mita ɗari shida. Ishaya ya kwance kan kebul ɗin a taransifoma, ya maƙala wayoyin akwati, ya danna. Ma'aikatan injin kusan arba'in suka kewaye shi. Kwana goma ke nan ba su yi aiki ba, gyaɗa na jibge a buhuna tana neman lalacewa. Wani zane ya fito a gilashin akwatin kamar tudu da kwari. Ishaya ya gyara tabarau.

"Mita ɗari uku da arba'in daga nan," ya ce.

Aka ɗauki kabbara. Minti biyar bai cika ba. Ni aikin da nake kwana biyu ina yi da tafin ƙafa.

Da yake sandar na iyaka, sai aka ɗauko takardar zanen da aka yi lokacin binne kebul ɗin. Layi ne miƙaƙƙe daga taransifoma zuwa injin. Ishaya ya ja tef ɗin awo a kan layin, ya soka tsinke, ya ce a haƙa. Aka haƙa. Ga kebul, baƙi sumul, ko ƙwarzane babu.

"A ƙara gaba kaɗan," ya ce.

Aka ƙara. Lafiya lau. Aka dawo baya kaɗan. Lafiya lau. Ishaya ya ce to a buɗe masa ɗakin wuta na cikin injin ya auna daga wancan kan. Alhaji ya ce makulli na hannun mai kula da wutar injin, ya tafi ƙauye jana'izar yayarsa, sai jibi da azahar. Kuma ba a fasa masa ƙofa.

Wata al'adarsu ita ce, rana na take tsaka kowa ya ajiye diga. Ba mai motsi sai kusan la'asar. A Chikaji ka yi haka ka ga takardar sallama. A rana ta biyu, bayan an haƙa rami na biyar a banza, na bi Baba Lawali inuwa. Itacen gawo ne guda uku manya a tsakiyar filin, awaki na cin 'ya'yansu. Ya hura gawayi ya ɗora shayi. Shayinsu sau uku ake zubawa a ɗan ƙaramin kofi, kuma ba a tashi sai an sha na uku. Na farko ɗaci kamar maganin zazzaɓi.

Ina zaune ina kallon tsinkayen da Ishaya ya jera. Layin ya ratsa ta tsakanin itatuwan, daidai inda muke zaune.

Na ce, "Baba, masu haƙan nan sun sha wahalar saiwa."

"Wace saiwa?"

"Ta gawon nan. Ai ta nan kebul ya bi."

Ya ajiye buta. "Ta nan? Wa zai sa diga ga saiwar gawo? Ni ina cikin masu ginar, yaro. Mun zo nan muka tsaya. Mai zane ya yi ta hwaɗa, muka ce sai dai ya gina da kainai. Gawo shi ka ciyar da gona, shi ka ciyar da bisashe. Ka taɓa shi, masu gandun daji su ɗaure ka, maƙwabta su daina gaishe ka." Ya nuna da leɓe. "Can muka kewaya, bayan waccan tsohuwar rijiya, muka komo bisa layi wajen karyayyen dannin can."

Na dubi rijiyar. Na dubi dannin, wato dangar kara. Zagaye ne babba.

Mu a Zariya itace ya tare hanyar waya, gatari muke aikowa. Ni kaina ban san adadin darbejiya da mangwaron da na sa aka sare a Samaru ba. Shi ya sa ba wanda ya kawo a ransa, daga ni har Ishaya har Oga, cewa mutane za su ƙara wa kansu haƙa da tsawon kebul saboda itace uku. Akwati tsawon kebul yake faɗa. Ishaya kuwa tsawon fili yake aunawa. Ya wuce wurin da nisa.

"Ka gaya wa Mushe?" na tambaya.

"Ya tambaye ni? Ko gaisuwa bai ida ba."

Na shanye kofi na uku. Zaƙi kamar zuma.

Da la'asar Ishaya ya same ni a gefen rami. Wuyan rigarsa ya jiƙe, tabarau ya yi ƙura. Alhaji ya daina ce masa Mushe tun rami na huɗu.

"Tanimu, don Allah, kai me ka gani?"

"Ni lebura ne."

"Haba, ɗan'uwa. Shekara nawa muna tare?"

"Tambayi akwatinka," na ce.

Ya goge tabarau da gefen riga. Ya juya.

Niyyata in samo wurin da kaina, ba da lambarsa ba. Da aka tashi daga aiki na bi zagayen tun daga rijiya har danni, na wuce gaba. Ina neman abin da na saba gani a gida: ƙasar da ta dare, ciyawar da ta bushe ita kaɗai, wurin da tururuwa suka ƙaurace. Na durƙusa na shinshina ya fi sau ashirin. Babu. Jar ƙasar Zariya tana riƙe wari, tana nuna tabo. Rairayin Maraɗi ya shanye komai. Shekara ashirin da bakwai, ban ji warin komai ba sai kashin awaki.

Gobe da azahar mai makulli zai dawo. In Ishaya ya auna daga cikin injin, babu gawo a wancan ɓangaren, lambarsa za ta kai shi daidai. Zai samu ba tare da ni ba. Ni kuma in koma Sabon Gari in zauna.

Da aka idar da sallar asuba gari ya yi haske, na je taransifoma. Na san takuna: biyar nawa mita huɗu ne, na gwada wannan tun ina saurayi. Ɗari uku da arba'in ɗinsa ya zama ɗari huɗu da ashirin da biyar nawa. Na zuba tsakuwa huɗu a aljihu, duk ɗari in jefar da ɗaya. Na bi layi, na kewaya bayan rijiya, na dawo ta danni, na miƙe. Inda ƙirga ta ƙare na ajiye wani fasasshen kasko. Tsakaninsa da ramukan Ishaya ya kai taku arba'in.

Da hantsi kowa ya hallara. Alhaji ya ce wa Oga in azahar ta yi ba labari, zai kira mutane daga babban birninsu, mu kuma mu kama hanya. Oga ya dube ni. Karo na farko ke nan tun Zariya.

"Tanimu, ko za ka gwada?"

Na cire takalmi. Ban san me ya sa ba, na dai ga zai fi kyau. Na yi ta yawo a filin, in tsaya, in ɗebi ƙasa, in watsar. Na kai kusan rabin awa ina wannan. Da na iso kan kaskon na durƙusa, na kafa hanci a rairayi, na daɗe.

"Nan," na ce.

Suka haƙa, suka bi kebul ɗin taku uku gaba. Sai wari ya taso, na gaske. Wani tsohon haɗi ne ruwa ya shiga, ya fashe, ya ƙone rairayin da ke kewaye har ya dunƙule kamar kwalba.

Ban taɓa jin ihu irin wannan a kaina ba. Suka ɗaga ni sama, kafaɗar na zafi na daure. Alhaji ya riƙe hannuna da nasa biyu yana "Mushe Tanimu, Mushe Tanimu." Ya aika gida aka kawo min shadda. Ranar na ci zabuwa. Baba Lawali yana gefe yana kallona da haƙoransa huɗu.

Muka yanke ƙonannen wurin muka yi sabon haɗi. Ishaya ne ya yi rabin aikin, hannunsa na da kyau, ban taɓa hana shi wannan ba. Kafin magariba injin ya tashi. Ina cikin wanke hannu na hango shi shi kaɗai da tef, yana ja ta bayan rijiya.

A dawowa Oga ya ce in shiga gaba. Ishaya ya hau baya da akwatinsa. Kujerar ba ta da daɗin da na zata, wani ƙarfe na sukana har iyaka. Can Oga ya shiga ofis karɓo sanda, ya bar mu a inuwar mota.

"Taku nawa?" Ishaya ya ce, bai dube ni ba.

Na dubi ƙofar ofis.

"Na ga sawunka a bayan rijiya. Taku nawa?"

"Ɗari huɗu da ashirin da biyar."

Ya yi lissafi da leɓe. Ya gyaɗa kai. "Ashe akwatin bai yi ƙarya ba."

Na jira ya gaya wa Oga. Har Katsina ina jira, har Funtuwa, har muka ga fitilun Samaru. Bai faɗa ba. Wannan ma ya ba ni haushi. Da ni ne, tun a iyaka zan fasa ihu.

Oga ya riƙe ni, ya sallami Ishaya. Ya kulle akwati a kabad ya ce zai nemi mai saye. Kwana goma sha biyu ina yawo da shaddar Alhaji kuna min kirari.

Rana ta sha uku kebul ya mutu a wata masana'antar roba a Chikaji. Daga ƙofa har ciki siminti ne, kaurin taƙi guda. Manajan ya ce wuri ɗaya tak zai yarda a fasa. Oga ya dafa ni a gabansa ya ce, "Wannan hancinsa har ƙasar waje an san shi." Na yini ina zagaya siminti. Na ce sai gobe.

Daga can Palladan na wuce. Na tarar da Ishaya a ƙofar gida yana gyaran dutsen guga na maƙwabta. Matarsa Rahila ta fito da ruwa a kofin baƙi, ta durƙusa. "Sannu da zuwa, Baban Hadiza. Ya kafaɗar?" Ashe ita ma bai gaya mata ba. Na kurɓa sau ɗaya na ajiye kofin.

Da ta shiga, Ishaya ya ce, "Hancin ne ya toshe?"

"Mura nake."

Ya yi 'yar dariya, ya ci gaba da ɗaure sukurunsa. Ya bar ni a tsaye har ya gama, ya jona, ya taɓa da yawu ya ji ya yi zafi.

"Zan zo," ya ce. "Amma kai za ka gaya wa Oga, da bakinka. Ni ba zan taya ka da kalma ɗaya ba."

Da safe muka je tare. A bayan shago na faɗa, daga gawo har kasko, ban rage ba. Na haɗa da cewa tun rana ta biyu na sani, na bar shi yana haƙa. Oga ya daɗe yana kallon takalmina.

"Kwana guda cur ka bar injin mutum a kashe, da sunana a kai," ya ce.

Na ce e.

Ya zaro makullin kabad ya miƙa wa Ishaya ta saman kafaɗata. Kafin azahar an fasa simintin Chikaji, wuri ɗaya.

Ni kuma Oga ya sallame ni, shi ya sa kuke ganina a benci tun safe. Ranar Talata Ishaya ya aiko a kira ni, wai akwai wani tsohon kebul a Samaru da ba shi da zane, kuma ni na binne shi da hannuna. Na je. Na nuna masa inda ya bi, da inda muka karkata saboda kwalbati. Ya maƙala wayoyinsa ya faɗi lamba, ya ce in na gaji in tafi, zai aiko min da nawa. Ban tafi ba. Na tsaya a rana har aka gama haƙa, ina fatan lambar ta kuskure ko da taku biyu ne.

Ba ta kuskure ba.